Daga Delft zuwa Naarden: bin sawun sarakunan yaƙin Holan

Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin jirgin saman Schiphol, don haka da ka ɗauki kayanka sai ka gangara. Ban shiga Amsterdam ba, Delft na nufa, tafiyar da ba ta fi minti 40 da ɗan wani abu ba. Mai son fahimtar mutanen da suka kafa ƙasar Holan da bakin bindiga, daga nan ya kamata ya fara, domin a nan aka kashe na farkonsu, a nan kuma aka binne da yawa daga cikinsu. Ba sai ka sayi tikitin takarda ba. Katin banki kake taɓawa a jikin na'ura wajen shiga, ka sake taɓa shi wajen fita. Inda baƙi ke yin asara shi ne su shiga da kati ɗaya su fita da wani, ko su manta da taɓawar fita, sai a cire musu kuɗi fiye da na tafiyar. A ciro katin daga walat kafin a taɓa.

Prinsenhof tsohon gidan mata masu ibadar Kirista ne, wanda Willem na Orange ya mayar masaukinsa lokacin da yake jagorantar tawaye ga Sarki Philip na II na Sifen. Yaƙin ya fara a 1568, bai ƙare ba sai 1648. A 1580 Philip ya sa ladan kuɗi mai yawa ga duk wanda ya kashe Willem, kuma ranar 10 ga Yuli 1584 wani Balthasar Gérard ya laɓe a gindin matakala ya harbe shi yana fitowa daga cin abinci. Ramukan harsashi biyu suna nan a bango, an rufe su da gilashi. Sun fi girman harsashi nesa ba kusa ba, saboda yatsun masu ziyara na ɗaruruwan shekaru sun faɗaɗa su. Abin lura shi ne irin bindigar. Bindigogin sojoji na lokacin da igiya mai ci da wuta ake tayar da su, ba mai iya ɓoye su a riga, hayaƙi da wari za su tona asiri. Ta Gérard ƙarama ce mai ƙafar ƙarfe da ake ɗaurewa da mabuɗi, in an ja kunama sai ta juya ta goga dutse ta ba da tartsatsi. Ana iya ɗura ta tun da safe a rufe da mayafi. Masu gadi ba su saba da wannan ba. An rufe gidan domin gyara a farkon 2025, saboda haka a bincika ko an buɗe kafin a sa shi cikin tsarin tafiya.

Kabarin Willem yana Nieuwe Kerk, babbar majami'ar da ke bakin filin kasuwa. Hendrick de Keyser ne ya sassaƙa shi da baƙin dutse da fari, ga Willem kwance, karensa a ƙafafunsa. Ƙarƙashinsa ɗakin da ake binne 'yan gidan sarauta ne har yau, ba a shiga. Tikiti ɗaya ke shigar da kai wannan majami'a da tsohuwar, Oude Kerk, amma ranar Lahadi ba a karɓar masu yawon buɗe ido. Hasumiyar ta kusa mita 109, matakala 376 ce mai murɗewa, ƙunci gare ta har mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya manne da bango. Mai ciwon gwiwa ya haƙura. In iska ta yi ƙarfi ma rufewa suke yi.

A ganina ɗan Willem, wato Maurits, shi ya fi cancanta a tsaya a kansa, ko da yake nasa kabarin ba ya ganuwa. Ya karɓi ragamar sojoji bai kai shekara 20 ba, ya tarar da taron 'yan haya da ke watsewa duk ranar da albashi ya makara. Matsalar bindigar zamanin irin ta bindigar toka ce ta maharbanmu: in ka harba sau ɗaya, kafin ka sake ɗurawa abokin gaba ya iso kanka. A wata wasiƙa ta Disamba 1594, ɗan'uwansa Willem Lodewijk ya zana masa mafita. A jera masu bindiga sahu-sahu, sahun gaba ya harba tare, ya juya ta tsakanin layuka ya koma baya yana ɗuri, na biyu ya matso ya harba, haka har zagaye ya dawo kan na farko. Faɗa da baki sauƙi gare shi. A fili kuwa, mutum ɗaya ya juya ta hagu maimakon dama, sai sahu ya cakuɗe, ga kowa riƙe da igiya mai wuta a duka bakinta biyu, ga albarushi rataye a ƙirji. Shi ya sa aka karkasa aikin gunduwa-gunduwa. Littafin hotunan da Jacob de Gheyn ya buga a 1607 ya raba sarrafa babbar bindiga zuwa motsi 43, na mashi zuwa 32, kowane da umarninsa. Aka rage yawan mutanen kowace ƙungiya, aka ƙara hafsoshi, aka daidaita faɗin bakin bindigogi domin harsashin wannan ya shiga ta wancan. Aka kuma ba sojoji shebur su haƙa ramukansu da kansu, ana biyansu ƙarin kuɗi a kan haka, aikin da sojan haya na da ke ganin ya fi ƙarfinsa.

Duk wannan ba zai tsaya ba in babu albashi a kan kari, kuma wanda ya tsare wannan ɓangaren farar hula ne, Johan van Oldenbarnevelt. Kowa a ƙasar ya san abin da sojojin Sifen da ba a biya ba suka yi wa Antwerp a 1576, suka wawashe birnin suka kashe dubbai. Mutanen biyu sun yi aiki tare shekaru da dama. Da haɗin kansu aka ci Breda a 1590, inda aka ɓoye sojoji kusan 70 ƙarƙashin lodin makamashi a cikin jirgin dako, masu gadin ganuwa da kansu suka taimaka wajen jawo shi ciki.

A Oude Kerk, wadda hasumiyarta ta karkata har ido na gani, akwai manyan hafsoshin ruwa biyu. Piet Hein ya taɓa zama fursunan Sifen yana tuƙa musu jirgi, daga baya a 1628 ya kama ayarin jiragen azurfarsu a Matanzas ta Kyuba kusan ba tare da zubar da jini ba, ganimar da ta haura gilda miliyan 11, kuɗin Holan na lokacin. Shekara guda bayan haka aka kashe shi a teku. Maarten Tromp kuwa shi ya karya rundunar ruwan Sifen a 1639, harsashi ya same shi a 1653 a yaƙi da Ingila daura da Scheveningen. A tsaya a duba ƙasan kabarinsa, an sassaƙa yaƙin a farin dutse, har hayaƙin igwa ana gani.

Kan titin Oude Delft, hanyar komawa tasha, akwai ginin tsohuwar makarantar injiniyoyi inda wani ɗan sarautar Asante, Kwasi Boakye, ya yi karatu. Yadda ya zo nan labari ne da ya shafe mu. A 1837 Janar Jan Verveer ya je Kumasi ya ƙulla yarjejeniya da Asantehene Kwaku Dua na I: Holan ta ba da bindigogi, Asante ta kawo mutane 1,000 da za a sa a rundunar mulkin mallaka ta Indonesiya. Aka haɗo shi da yara biyu 'yan sarauta su yi karatu. Tsakanin 1831 da 1872 kimanin mutum 3,000 aka kwasa ta Elmina, sansanin bakin teku a Ghana ta yau, zuwa Java da Sumatra, kuma da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka saya, Mossi da Gurunsi da Dagomba, har da Hausawa. A takarda an 'yanta su, amma daga albashinsu ake cire kuɗin fansar. Shi wannan Verveer ne ya rataye sarkin Ahanta, Badu Bonsu na II, a 1838, aka kawo kansa Leiden cikin kwalba, ba a mayar wa Ghana ba sai 2009. Babu allon da zai gaya maka wannan a bakin titi, sai ka zo da saninka.

Daga Delft taragon cikin gari mai lamba 1 yana kai mutum tsakiyar Hague, ya zarce har bakin teku. A kula da jan titi, na masu keke ne, ba sa tsayawa. Binnenhof, fadar majalisa, ana gyaranta tun 2021, saboda haka daga waje na kewaya. A farfajiyarta aka sare kan Oldenbarnevelt ranar 13 ga Mayu 1619 yana da shekara 71, bayan sun ɓata da Maurits kan sulhu da Sifen da kuma rikicin aƙida a cikin coci. Lauyan nan Hugo Grotius, wanda mutum-mutuminsa ke kasuwar Delft, a shari'ar guda aka ɗaure shi, ya tsere daga kurkukun Loevestein a 1621 cikin akwatin littattafai.

Jikin Binnenhof akwai Mauritshuis. Jama'a na tururuwa can domin zanen Vermeer da Rembrandt, amma mai gidan, Johan Maurits na Nassau-Siegen, gwamnan yankin da Holan ta ƙwace a Brazil ne daga 1637 zuwa 1644. Gonakin rake na buƙatar bayi, shi ya sa a shekararsa ta farko ya tura jirage su ci Elmina, sansanin da Fotugal ta gina tun 1482. An taɓa gwadawa a 1625 aka sha kashi. A 1637 kwamandan, Hans Coine, bai tunkari ganuwar ta teku ba. Ya sauke sojoji a gefe, ya kama tudun Santiago da ke kallon sansanin, ya hau da igwa. Bangon ɓangaren tudu bai da kauri, cikin 'yan kwanaki aka miƙa wuya. Da Holan ta karɓa, abu na farko da ta yi shi ne gina wani sansanin a kan tudun, kada a yi mata yadda ta yi. Wanda ya taɓa zuwa Elmina ya ga wannan gini yana leƙen babban. Yanzu gidan tarihin ya keɓe ɗaki da ke bayanin hannun Johan Maurits a cinikin bayi, kuma sun faɗi abin ba tare da kwana-kwana ba.

Tsallaken tafkin fada sai Gevangenpoort, tsohon kurkuku. Johan de Witt ya riƙe gwamnati daga 1653 zuwa 1672. Masanin lissafi ne, shi ya ga cewa hayar jiragen 'yan kasuwa a ɗora musu igwa ba za ta ƙara yi ba, a zamaninsa aka ba da aikin gina jiragen yaƙi 60 na musamman da ba a sayar da su bayan yaƙi. Amma ya bar sojan ƙasa ya lalace. Da Faransa da Ingila da ƙananan ƙasashen Jamus biyu, Münster da Cologne, suka far wa ƙasar a 1672, laifin ya dawo kansa. Aka kama wansa Cornelis bisa ƙagen shirya kashe Willem na III, yariman Orange na lokacin, aka azabtar da shi bai amsa ba. Ranar 20 ga Agusta Johan ya zo ɗaukarsa, taron jama'a suka jawo su waje suka kashe su, suka yi wa gawarwakin abin da ba ya faɗuwa. Ana nuna ɗakin da aka tsare Cornelis da kayan azabar. Ban ga amfanin shiga da yara ƙanana ba. Mai neman abincin halal ko masallaci ya nufi unguwar Schilderswijk da babbar kasuwar Haagse Markt, ba nisa a tarago.

Vlissingen tana can kudu maso yamma a ƙarshen layin dogo, a bakin kogin da manyan jirage ke bi zuwa Antwerp. Suna wucewa dab da gaɓa har kana karanta sunayensu. Iska a nan ba ta wasa ko da bazara, a riƙe rigar sanyi. A nan aka haifi Michiel de Ruyter ranar 24 ga Maris 1607, ɗan mai dakon giya. Yana yaro ya yi aikin juya ƙafar tufka igiya a masana'antar gidan Lampsins, yana shekara 11 ya shiga jirgi. Gidan Lampsins ɗin ne yanzu gidan tarihin garin, muZEEum, mutum-mutuminsa kuma na 1841 yana kan ganuwa yana fuskantar ruwa. Kafin ya zama hafsa ya yi shekaru yana fatauci da jirginsa zuwa Maroko da tsibiran Karibiyan. Wannan ya bayyana irin shugabancinsa: ya san zurfin ruwa, ya san lissafin guzuri, ya san ƙaramin ma'aikaci. Matuƙansa suna kiransa Kaka.

A 1664 wani Bature ɗan Ingila, Robert Holmes, ya ƙwace sansanonin Holan a gaɓar Afirka ta Yamma. De Witt ya aika wa De Ruyter umarni a asirce yana Bahar Rum, ya juya da jirage 12. Ya karɓe tsibirin Gorée na Senegal a watan Oktoba, ya gangara gaɓar Ghana ta yau, a Fabrairu 1665 ya ci Kormantin da taimakon ɗaruruwan mayaƙan Elmina cikin kwale-kwale, domin manyan jirage ba sa iya matsowa ta cikin igiyar ruwan gaɓar. Aka sa wa sansanin suna Fort Amsterdam, kangonsa na nan a Abandze. Cape Coast ta gagare shi. Ba shi da jirgin bayi a wannan tafiya, amma abin da ya ceto shi ne hanyar cinikin zinariya da bayi ta kamfanin Holan, kuma bai kamata a raba biyun ba. Jiragen Holan sun ƙetarar da 'yan Afirka kusan 600,000, kaso mai yawa daga Vlissingen da maƙwabciyarta Middelburg. Takardun kamfanin fatauci na Middelburg da aka kafa a 1720 suna ajiye a ma'adanar lardin, da lissafin kowace tafiya. An haramta bauta a yankunan mulkin mallakar Holan na Suriname da Karibiyan ranar 1 ga Yuli 1863, Firaministan lokacin, Mark Rutte, ya nemi gafara a Disamba 2022, Sarki Willem-Alexander ya bi baya ranar 1 ga Yuli 2023.

Sauran labarin De Ruyter a Amsterdam yake. A Rijksmuseum, babban gidan tarihin ƙasar, akwai katafaren tambarin sarautar Ingila na katako, wanda aka ciro daga bayan jirgin Royal Charles. A Yuni 1667 rundunar Holan ta shiga kogin Medway na Ingila, ta ci sansanin Sheerness, ta karya sarƙar da aka gitta wa kogin, ta ƙone manyan jirage, ta jawo wannan zuwa gida. Ingila ta ajiye jiragenta ne babu ma'aikata saboda baitulmali ya bushe. Holan kuwa ta zo da matuƙan da suka san kogin da sabuwar rundunar sojan ruwa masu sauka tudu, wadda aka kafa a 1665. Jirgin da aka kamo bai yi musu amfani ba, gindinsa ya yi zurfi ga ruwan Holan mai yashi, aka farfasa shi a 1673 aka bar tambarin. Wannan rashin zurfin ne De Ruyter ya mayar makami a 1673, ya fake bayan tudun yashi na Schooneveld inda jiragen Ingila da Faransa ke tsoron shiga, yana fitowa lokacin da iska ta ba shi. Wahalarsa ta cikin gida ita ce hukumomin sojan ruwa guda 5 ne, kowace da kuɗinta da girman kanta. A 1666 Cornelis Tromp, ɗan Maarten, ya bar sahu ya bi wasu jirage a tsakiyar yaƙi, ya bar De Ruyter a buɗe, aka kore shi, sai Willem na III ne ya sasanta su daga baya.

An tura De Ruyter Bahar Rum da ƙaramar runduna da shi kansa ya ce ba ta isa ba. Harsashin igwa ya same shi a ƙafa kusa da Sisili ranar 22 ga Afrilu 1676, ya rasu bayan mako guda. Kabarinsa yana Nieuwe Kerk ta dandalin Dam, a gurbin da babban bagadi yake a da, aikin Rombout Verhulst. Majami'ar ta zama zauren baje koli, sai da tikitin abin da ake nunawa ake shiga, wani lokaci kuma a rufe take tsakanin baje koli biyu. Wurare da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi, kati kawai.

Naarden ba ta kai rabin awa daga Amsterdam ba, a sauka tashar Naarden-Bussum a ƙarasa da bas ko a ƙafa. Gari ne mai siffar tauraro, kusurwa 6, ganuwa biyu, gwalalo biyu cike da ruwa. Faransa ta ci shi a 1672, Willem na III ya ƙwato a 1673, sannan aka gina abin da ake gani yau. Ganuwar gajera ce mai kauri, ƙasa ce aka jibga a bayan bulo, domin ƙasa na haɗiye harsashin igwa, dutse kuwa tarwatsewa yake ya raunata masu tsaro. Kowace kusurwa an saita ta yadda igwarta za ta share gaban maƙwabciyarta, babu lungun da mahari zai fake. A gidan tarihin da ke ɗaya daga kusurwoyin ana shiga ramukan ƙarƙashin ƙasa, har da dogon lungun da masu gadi ke zama suna sauraron motsin abokan gaba da dare. Akwai danshi da santsi, a sa takalmi mai riƙo.

Abin da ya tsayar da Sarkin Faransa Louis na XIV a 1672 ruwa ne. Aka buɗe madatsai daga Muiden zuwa kudu aka malale gonaki. Gwanintar tana wajen awo: ruwan ya tsaya wajen gwiwa, kamar santimita 40. In ya fi haka jirage za su bi ta kai, in bai kai ba sojoji za su taka. A wannan zurfin kuwa yana ɓoye dubban magudanan da suka ratsa gonaki, doki ko keken igwa ya faɗa ciki ba fita. Kowane fili da tsayinsa, don haka kashi-kashi ake cikawa, sansanoni kuma suna tsare 'yan hanyoyin da suka rage a kan tudu. Matsala ta farko manoma ne, waɗanda suka riƙa buɗe wa ruwan hanya da dare domin ceton ciyawar shanunsu, sai da aka sa sojoji gadi. Ta biyu sanyi. A ƙarshen Disamba ruwan ya daskare, Janar Luxembourg na Faransa ya tako kan ƙanƙara da dubban sojoji, sai yanayi ya juya ƙanƙarar ta fara narkewa, ya koma da ƙyar ta kan wata hanya da aka bari ba tsaro, ya ƙone Bodegraven da Zwammerdam.

An ci gaba da dogaro da wannan dabara, ana matsar da layin ana ƙara sansanoni, har zuwa Mayu 1940, lokacin da Jamus ta sauke sojojin laima a bayansa kusa da Hague da Rotterdam. Aka yi wa Rotterdam ruwan bama-bamai ranar 14 ga wata, washegari Janar Henri Winkelman ya sa hannu a takardar miƙa wuya. Kewaya ganuwar Naarden ta waje a ƙafa yana cin kusan awa ɗaya, kuma daga can ne ake ganin yadda kusurwoyin ke kare juna, abin da ba ya bayyana daga cikin gari.